Jinsin da Ke Riƙe da Muhalli: Ma'anarsa da Matsalar Sunansa a Hausa

Ilimin muhalli yana nazarin dangantakar masu rai da junansu, da kuma wurin da suke zaune. Masu rai sun haɗa da tsirrai, waɗanda ke sarrafa abinci daga hasken rana, da dabbobin da ke cin tsirrai ko junansu, da ƙananan halittun da ke ruɓar da matattu su mayar da su ƙasa. Sai dai tasirin jinsi a muhalli ba ya bin yawansa.

Masanin da ya fito da wannan fili shi ne Robert Paine. A gaɓar teku ta jihar Washinton a Amurka, ya riƙa kwashe wani nau'in tauraron teku daga kan duwatsu. Sakamakon da ya wallafa a 1966 ya nuna jinsunan wurin sun ragu daga 15 zuwa 8, domin wata halitta mai ɓawo biyu, wadda tauraron ke ci, ta mamaye duwatsun. A 1969 ya kamanta irin wannan jinsi da dutsen da ke tsakiyar bakan gini, wanda in aka zare shi bakan ya rushe.

Ungulu ma misali ce. A Indiya, maganin dabbobi mai suna diclofenac ya hallaka fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'o'inta tun daga shekarun 1990. Mushe ya taru, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, har aka haramta bai wa dabbobi maganin a 2006. Ungulun da aka saba gani a mahautan ƙasar Hausa ita ma ta shiga jerin jinsunan da ke gab da ƙarewa a 2015.

A nan ne aikin manazarcin harshe ya shigo. Bakan gizon maginin Hausa da azara ake ɗaura shi, ba shi da dutsen tsakiya, don haka fassarar kai-tsaye ba za ta isar da saƙo ba. Kalmar "ginshiƙi" kuwa girma take nunawa, alhali wannan jinsi sau da yawa kaɗan ne. "Ƙusa" ta fi dacewa: ƙarama ce, amma ita ke riƙe da abu, kuma Bahaushe ya riga ya saba cewa "ƙusoshin gwamnati". Saboda haka "ƙusar muhalli" ta cancanci shiga littattafan makaranta.