Yadda Toshewar Fitsari Ke Lalata Jijiyoyin Mafitsara

Mafitsarar babban mutum tana ɗaukar fitsari kusan rabin lita. A bangonta akwai siraran jijiyoyi masu jin miƙewar nama. Idan ta fara cika, sukan aika saƙo ta ƙasan laka zuwa ƙwaƙwalwa, sai mutum ya ji fitsari. Akwai kuma wasu jijiyoyin da suka fi siranta, waɗanda ke kwance shiru muddin mafitsara lafiya take.

Idan fitsari ya toshe a wajen dattawa maza, yawanci furostat ne kan kumbura ya matse hanyar fitsari. A kwarin Komadugu kuwa, daga Diffa zuwa Bosso, inda masunta da manoman tattasai da shinkafa ke wuni cikin ruwa, akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga dodon koɗi, ta ratsa fata, ta girma ta zama tsutsa, ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. Shekara da shekaru wurin yana yin tabo, wani lokaci har bakin mafitsarar ya ƙuntata.

Idan hanya ta ƙuntata, da farko mafitsara yunƙuri take yi. Namanta ya yi kauri don ya tura fitsari ta ƙuntatacciyar hanya, yana kuma fitar da wani sinadari mai raya jijiya, NGF, fiye da kima. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna ƙwayoyin jijiyoyin har girma suke ƙarawa. Waɗanda ke kwance shiru su ma su farka. Daga nan ɗan fitsari kaɗan ya isa ya tayar da saƙo: mutum ya matsu, ya yi ta tashi cikin dare, wani sa'in ma alwala ta gagara riƙuwa.

Idan toshewar ta daɗe, matsin yakan rage jinin da ke ratsa bangon. Jijiyoyi su fara mutuwa, tabo ya maye gurbin nama. Wannan mataki ya fi haɗari, domin matsuwar takan lafa, mai ciwo ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali mararsa cike take bai ji ba. Fitsari ya riƙa ɗiga da kansa, matsin kuma ya hau sama ya kumbura ƙoda.

A asibiti, robar fitsari ake fara sakawa a sauke mafitsara, sannan a nemi dalilin toshewar. Maganin praziquantel yana kashe tsutsar tsargiya, amma tsohon tabo ba ya gogewa, kuma ko bayan an buɗe hanya, jin fitsari ba ya komawa daidai a wajen wasu.