Sarar 'Yan Dogon Gudu da Abin da Malami Zai Koya Daga Cikinta

Kowace sana'a tana da maganarta. Mahauta suna da tasu, 'yan mota ma haka, in baƙo ya ji su sai ya yi tsammani zaurance su ke yi. To, 'yan dogon gudu su ma suna da sara da barkwanci, kuma ya kamata mu da za mu koyar da motsa jiki mu san su.

Mu nan Jos abin ya shafe mu ƙwarai. Garinmu yana bisa tudu kamar ƙafa 4,000 sama da teku, inda iska ba ta da kauri, shi ya sa jinin mai gudu a nan ya kan ƙara ƙarfin ɗaukar iska. Tun da aka fara tseren maraton na Ikko a 2016, 'yan Filato irin su Deborah Pam da Iliya Pam sun yi na ɗaya cikin 'yan Nijeriya. A unguwarmu Dutse Uku na kan ga samari da 'yan mata suna gudu tun da asuba. Ga kaɗan daga kalmomin masu wannan wasa a duniya, na sa su cikin Hausa gwargwadon iyawata.

1. Zomo. Shi ne wanda a ke sawa gaba domin ya riƙe wa gwani sauri daidai, sa'an nan ya fita kafin ƙarshe. A 2019 a birnin Biyana, Eliud Kipchoge na Kenya ya yi maraton cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, zomaye 41 suna karɓa-karɓa. Ba a lissafa shi cikin bajintar duniya ba, gama ba a bi dokar tsere ba.

2. Bango. Tsawon maraton mil 26 ne da yadi 385, watau kilomita 42 da 'yan kai, yadda aka auna a Landan a 1908. Jiki yana ajiye sukari cikin hanta da tsoka, amma ajiyar ta kan ƙare wajen mil 20. Daga nan ƙafafu su yi nauyi, kai ya yi jiri, sai a ce mutum ya yi karo da bango. Saboda haka su kan yi raha su ce maraton rabi biyu ne, rabin fari mil 20, na biyu mil 6. Malamin lissafi zai ƙi wannan, amma ƙafafu sun yarda.

3. Fatlek. Kalmar Suwidin ce, ma'anarta wasa da sauri. Wani mai koyarwa, Gösta Holmér, ya ƙago shi a shekarun 1930. A yi sassarfa, a zabura har wancan dutse, a sassauta, a sāke zabura. Ba ya bukatar fili ko agogo, don haka ya dace da makarantun ƙauye.

4. Motar shara. Mota ce mai bin bayan tsere tana kwashe waɗanda suka gaza. Kowa yana tsoronta, kowa kuma yana tsokanar abokinsa da ita. Amma suna da wata magana mai daɗi, wai wanda ya zo na ƙarshe ya fi wanda bai gama ba, wanda bai gama ba kuwa ya fi wanda bai fara ba.

Akwai kuma wasa tsakanin 'yan gajeren gudu da 'yan dogo, kamar na Fulani da Barebari. Waɗannan su ce wa waɗancan ragwaye masu aikin daƙiƙa goma, su kuwa su rama su ce sai wanda ba shi da sauri ya ke kwana a hanya.

Mene ne amfanin wannan ga malami? Na fari, a bayan kowace kalma akwai ilmi. Yaron da ya zo makaranta bai karya kumallo ba, bangonsa yana kusa. In ya tsaya cikin gudu, kada a ce masa rago, a tambaye shi abin da ya ci. Na biyu, barkwanci yana haɗa 'yan ƙungiya, amma yana iya korar sabon shiga in ba a fassara masa ba. Na uku, wata rahar tana da haɗari. 'Yan gudu su kan yi alfahari da baƙin farce da ciwon gwiwa, yaro kuwa in ya ji sai ya ɓoye rauninsa don kada a yi masa dariya. Lalle ne malami ya nuna masa bambancin gajiya da rauni. Gajiya ta kan tafi da hutu, rauni kuwa in an taka shi ƙaruwa ya ke yi.

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, in mun fita gwajin koyarwa, kowa ya rubuto kalmomin da yara ke faɗi a filin wasa, da Hausa ko Birom ko Angas, mu tara su.

Tambayoyi
1. Don me a ke karo da bango wajen mil 20?
2. Shirya fatlek na minti 15 domin 'yan aji biyar.
3. Wace raha ce za ka hana a filin wasanka, kuma don me?