DARASI: YADDA AKE KULA DA TSOHO A GIDA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya kai ɗalibi, ka sani a Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah Maɗaukakin Sarki Ya haɗa bautarSa da kyautata wa iyaye, Ya kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. To, kyautatawar nan ba ta tsaya ga durƙusawa a gaishe su da safe ba. Aiki ne da ake koyo, kamar yadda ka koyi alwala.

Na farko, ruwan sha. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, ko da jikinsa na bukata. A watannin bazara kada ka jira sai Kaka ta nema, kai mata da kanka. Abinci kuma ya zama mai laushi, irin su fate da kunun gyaɗa, a rage gishiri.

Na biyu, faɗuwa. Ƙashin tsoho ba shi da ƙwari, karayar ƙugu tana iya kwantar da shi har ƙarshen rayuwa. Ka share santsin banɗaki, ka ɗauke turmi da tabarya daga hanya, ka ajiye masa tocila da sanda kusa da shimfiɗa.

Na uku, asibiti. Hawan jini ba ya sallama. Idan awo ya riƙa kai 140/90 ko fiye, a ga likita, kuma kada a daina magani don an ji sauƙi. Yanar ido ma ba a barinta da sunan "tsufa ne". Ana cire ta da ɗan gajeren aiki, kamar a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Amma a guji masu yawo gida-gida suna taɓa ido da allura, sun makantar da mutane da dama.

Na huɗu, wanda ya kwanta ba ya iya tashi. A riƙa juya shi bayan kamar awa 2, a tsaftace shi a busar da jikinsa, don kada gyambo ya fito masa a baya. A rufe masa al'aura, kada a yi masa tsaki.

Na biyar, ibada. In ba ya iya tsayuwa, ya yi salla a zaune. In azumi ya gagare shi, malamanmu na Malikiyya sun ce an so ya ciyar da mudun Annabi (SAW) ɗaya a kowace rana.

Hukuma ma da nata haƙƙin. A 2018 Najeriya ta kafa dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, cibiyar ta soma aiki a 2021. Sai dai ofis ba zai zauna hira da Kakanka ba, kuma kaɗaici ciwo ne. Wanda ya yi nisan kwana, shi ma zai tsufa.

Tambayoyi:
1. Me ya sa ba a jiran tsoho ya nemi ruwa?
2. Kawo abubuwa 3 da ke hana faɗuwa a gidanku.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu gama da su lafiya. Wassalam.