Miyar wake irin ta mutanen Indiya

A Dabaga, bakin ƙoramar Telwa, arewa da Agadas, garake suna ba da albasa, tafarnuwa, tumatir, dankalin turawa da alkama. Amma nama ya yi tsada. Akuya kuwa ba kullum ake yanka ta ba, don nononta ake so. Sai uwar gida ta riƙa jin tsoro, wai abincin da ba nama ba ya sa wa yara ƙarfi.

A ƙasar Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan jama'a tun 2023, akwai miliyoyin mutane da ba su taɓa cin nama ba, saboda addininsu. Suna noma, suna dako, suna haihuwa lafiya. Ga Musulmi nama halal ne, ba wanda ya ce a bar shi. Dabarar girkinsu ita ce abin koyo.

Dabarar kuwa ita ce haɗa hatsi da wake. Hatsi kaɗai yana cika ciki, amma abin gina jiki da ke cikinsa bai cika ba. Wake ne ke cike giɓin. Indiya ta fi kowace ƙasa noman dangin wake. Miyar da suke yi da shi sunanta dal. Suna cin ta da shinkafa, ko da gurasar alkama mai suna capati, ƙanwar tagallar da ake gasawa cikin rairayi a Ayar. A Rajastan, yankinsu na hamada, da gero ake yin gurasar. Geron nan ma asalinsa daga Afirka ta Yamma ya je can.

Ga yadda ake yi. A jiƙa wake tun dare. Jiƙaƙƙen wake yana saurin nuna, ba ya cin itace, kuma ba sai an zuba masa kanwa da yawa ba. A surfe shi, a wanke, a dafa da gangamau da gishiri har ya farfashe ya yi kauri. Sannan a narka man shanu a ƙaramar tukunya, a soya albasa har ta yi ja, a ƙara tafarnuwa, citta, tumatir da barkono kaɗan. A juye wannan suya a kan waken da zafinta, a rufe. A nan daɗin yake. Wanda ya zuba kayan yajin ɗanye cikin ruwa ya yi miya, amma bai yi dal ba.

Yaron da ya cika wata 6 ana iya dama masa waken da laushi, kafin a sa barkono, yana ci gaba da shan nonon uwa.

A matsa lemun tsami a kai, yana taimakon jiki ya karɓi abin ƙarin jini da ke cikin wake. Shayi kuwa yana tare shi. Mace mai ciki ta dakata kamar awa ɗaya bayan cin abinci kafin ta karɓi kofin farko.