Darasi na 18: Daga Jibiya Zuwa Maraɗi

Jibiya tana yamma da birnin Katsina, kusa da iyakar Nijeriya da Nijar. Wanda ya bi hanyar mota ta Magama ya yi arewa, ba da jimawa ba zai iske shingen iyaka. In ya wuce shingen ya shiga wata ƙasa ke nan. Garin da zai fara tararwa shi ne Ɗan Isa. Daga iyaka zuwa Maraɗi kuwa wajen kilomita 50 ne.

A wannan darasi za mu bi wani iyali na ƙasar Jibiya, mu ga abin da suka gani ran da suka fara ƙetare iyaka. Su biyar ne: maigida, da matarsa, da 'ya'yansu biyu, da tsohuwa, watau uwar maigida. Wan matar yana zaune a Maraɗi, shi ne ya samo wa maigida aikin lambu na rani. Maigida ya sayar da wakensa ya yi guzuri. Matar kuma ta ɗaure tabarmi shida da ta saƙa, don ta sayar a can. Abin da suka mallaka ke nan.

A bakin iyaka

Da suka isa iyaka maigida ya nuna takardunsu na shaida. Sa'an nan ya je wurin masu canji, ya ba da naira, aka ba shi sefa, kuɗin Nijar. Ya ƙirga sau biyu kafin ya tashi. Daidai ya yi.

Yaron ne ya fara ganin tuta. Ya ce, "Baba, dubi, wannan ba tamu ba ce!" Tutar Nijeriya kore da fari da kore ce. Ta Nijar launi uku gare ta: ruwan goro a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa, da ɗigo kamar rana a kan farin.

Yarinyar ta iya karatu. Ta ga allo a bakin hanya, ta haɗa baƙaƙen, amma ba su ba ta ma'ana ba. Da Faransanci aka rubuta. Sunan gari kaɗai ta gane. Jikin uwar ya yi sanyi. Ta ce, "Malam, anya za mu ji maganarsu kuwa?" Ba ta rufe baki ba sai wani ma'aikaci ya ce musu, "Sannunku da zuwa. Ina za ku?" Da Hausa ya faɗa, Katsinanci tsantsa.

Rikicin dala

Wan matar ya tarye su a tashar Maraɗi. Yara suna jin yunwa, sai maigida ya je sayen fura. Mai fura ta dama musu, ta ce, "Dala ɗari." Maigida ya duba kuɗinsa, ya ga ƙwandala mai lamba 100, ya miƙa mata. Ta ƙi karɓa. Ta nuna takarda mai lamba 500, ta ce ita take so.

Ran maigida ya ɓaci. Ya ce, "Ɗari kika ce, ga ɗari. Don kin ga mu baƙi ne?" Mutane suka fara taruwa.

Wan matar ya riƙe hannunsa, ya ce, "Malam, yi haƙuri, ba ta cuce ka ba. A nan da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Abin da aka rubuta a jikin kuɗi daban, abin da baki ke faɗa daban."

Maigida ya ji kunya, ya ba mai fura haƙuri, ya biya. Wan matar ya ƙara da cewa, "Gara da ka koya a wurin saye. Da tabarmar ƙanwata kake sayarwa, aka taya dala ɗari, aka ba ka wannan ƙwandala ka karɓa, da ka yi asarar sefa 400 kana godiya."

To, jama'a, ku lura da wannan lissafi:

Dala 1 ita ce sefa 5.
Dala 20 ita ce sefa 100.
Dala 100 ita ce sefa 500.
Dala 200 ita ce sefa 1,000, ita ake kira jikka.

In aka faɗa muku kuɗi da dala, ku riɓa sau biyar, ku sami lambar da ke jikin kuɗin.

Sababbin kalmomi

Kafin rana ta faɗi sun ji kalmomin da ba su saba ji ba. Abin da muke kira kwastan, can duwan suke cewa. Makarantar boko lakwal ce, malaminta kuma mushe. Akwai ma'aikatan tsaro da ake kira jandarma. Daga Faransanci aka aro waɗannan, kamar yadda muka aro kwastan da tebur daga Ingilishi. Amma gero gero ne, fura fura ce, sallama ɗaya, kiran salla ɗaya.

Da dare wan matar ya tambayi tsohuwa, "Inna, yaya kika ga ƙasar waje?" Ta yi dariya, ta ce, "Ɗan nan, ina ƙasar wajen take? Tun safe nake dubawa. Na ga rumbu irin namu, na ci tuwo irin namu. Kuɗinku kaɗai ne baƙo."

Me ya sa haka?

Tsohuwa tana da gaskiya, ga kuwa dalili. Bayan jihadin da aka fara a 1804, birnin Katsina ya koma hannun mutanen Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Sarakunan Katsina na dā suka yi arewa da jama'arsu. Daga baya Ɗan Kasawa ya kafa musu mazauni a Maraɗi. Shi ya sa ake kiran sarkin Maraɗi da sunan Sarkin Katsina.

Sa'an nan Turawa suka zo. Ingila ta kama kudu, Faransa ta kama arewa. Daga 1906 zuwa 1908 wakilansu suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Iyakar ta ratsa gonaki, ta raba wa da ƙane. A 1960 ƙasashen biyu suka sami mulkin kai, Nijar ran 3 ga Agusta, Nijeriya ran 1 ga Oktoba, iyaka kuwa ta zauna inda aka sa ta.

Ko ruwa bai san iyakar ba. Gulbin da ya bi ta Jibiya shi ne ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, sa'an nan ya komo Nijeriya ya haɗu da Gulbin Rima.

Amma kada wannan ya ruɗe mu. Dangi ɗaya ne, hukuma biyu ce. Kowace da dokarta. Nijeriya ta rufe iyakar a watan Agusta na 2019, sai Disamba na 2020 ta fara buɗe waɗansu mashigai. An sake rufewa a 2023, bayan juyin mulkin Nijar. A lokutan nan mutane da yawa sun sha wuya, waɗansu da kayansu a hanya.

Saboda haka, wanda zai ƙetare ya tambaya tukuna ko iyaka a buɗe take. Ya riƙe takardar shaidarsa. Ya bi ta shingen hukuma, kada ya bi ta daji. Ya ƙirga canjinsa kafin ya tashi. Abin da bai gane ba ya tambaya kafin ya yi fushi, gama matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Wane gari ne na farko bayan an ƙetare iyaka daga Jibiya?
2. Me ya sa mai fura ta ƙi karɓar kuɗin maigida?
3. An taya tabarma ɗaya dala 300. Sefa nawa ke nan? Tabarmi shida fa?
4. Me ya sa ake kiran sarkin Maraɗi Sarkin Katsina?

Aikin rubutu

Kowa ya rubuta a allonsa: Zumunta a ƙafa take.