Yadda Ake Gina Tashar Lantarki da Kuɗin 'Yan Kasuwa

Babu ɗan kasuwar da zai zuba kusan dala miliyan 900 a daji saboda Allah. Kafin a haƙa ramin farko, sai ya san wanda zai sayi hajarsa, da wanda zai biya shi ranar da mai sayen ya gaza. Tashar Azura-Edo mai megawat 461, da ke kusa da birnin Benin a jihar Edo, ta wannan hanya ta bi.

Da farko masu jarin kan kafa kamfani na daban, wanda ba shi da wata sana'a sai wannan aiki ɗaya. Dabarar ita ce, in aikin ya rushe, bashin ya tsaya a kansa, sauran dukiyarsu ta tsira. Shi zai nemi fili, ya sasanta da masu gonaki, ya karɓo lasisi daga NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki.

Sai neman mai saye, kuma a nan gizo ke saƙar. Kamfanonin rarraba wuta ba sa iya tattara duk kuɗin da suke bin jama'a, don haka babu bankin da zai ba da rance bisa alkawarinsu. Shi ya sa Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin NBET, ya riƙa sayen wutar a sari yana sayar musu. A 2013 Azura ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da NBET. A cikinta akwai sharaɗin da ya kamata kowa ya sani: muddin injuna na lafiya kuma a shirye suke, za a biya kamfanin, ko an ɗauki wutar ko ba a ɗauka ba. Layin dakon wuta ya faɗi? Wannan ba ruwan mai tasha. Farashin kuma da dala aka auna shi, domin da dala aka ci yawancin bashin.

Sauran yarjejeniyoyin ba su da sarƙaƙiya haka. Kamfanin Seplat zai kawo iskar gas, Siemens da Julius Berger su yi gini.

Har zuwa wannan mataki bankuna ba su saki ko kwabo ba, jingina suke jira. Bankin Duniya ya tsaya wa NBET idan ya makara da biya, reshensa na MIGA ya ba da inshora kan haɗarin siyasa, ita kuma gwamnati ta sa hannu cewa in yarjejeniya ta wargaje, za ta sayi tashar. Da waɗannan takardu suka cika, a Disambar 2015, sannan kuɗi suka fito. Fiye da kashi uku cikin huɗu bashi ne. Abin da masu tashar suka sa daga aljihunsu bai kai rubu'i ba. Mutane da yawa ba su san haka ake yi ba.

Gini shi ne mai sauƙin. An fara a Janairun 2016, aka gama a Mayun 2018, kafin wa'adi. Zaman jira tsakanin sa hannu da NBET da sakin kuɗi ya fi ginin kansa tsawo.

Daga nan sai biya, wata bayan wata, kimanin dala miliyan 30. Lokacin da aka saki kuɗin, dala tana kan naira 197 a farashin hukuma. A 2024 ta haura 1,500. Tashar tana ba da wuta, wannan babu musu, kuma an gama ta a ƙasar da ayyukan gwamnati kan shekara goma suna jiran rufi. Amma haɗarin faɗuwar naira da na lalacewar layuka duk a wuyan gwamnati aka rataya su, wato a wuyan mai biyan haraji.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tafiyar da kasuwar wutarsu. Idan gwamnanku ya ce 'yan kasuwa za su gina tasha ba tare da kwabon jiha ba, ku nemi a karanta yarjejeniyar a zauren majalisa, a faɗa muku wa zai biya ranar da ba a ɗauki wutar ba, kuma da naira ne ko da dala.