Yadda Ake Auna Ingancin Takardar Bayanin Kayan Aiki ga Ɗan Aiken Kwamfuta

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an samu wani sabon nau'in manhajar kwamfuta wadda ake bai wa umarni da harshen ɗan Adam, ta tafi ta aiwatar da aikin da kanta, kamar binciko bayani, ko lissafi, ko gyara fayil, ko aika saƙo. A wannan darasi za a kira ta ɗan aiken kwamfuta. Shi wannan ɗan aike yana gudanar da aikinsa ne ta hanyar wasu ƙananan manhajoji da ake kira kayan aiki. A watan Yuni na 2023 kamfanin OpenAI ya fito da hanyar da manhajarsa za ta riƙa kiran irin waɗannan kaya, sannan a watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'ida mai suna Model Context Protocol domin daidaita yadda ake haɗa su.

Mece Ce Takardar Bayani?

Kowane kayan aiki yana zuwa da ɗan rubutu mai sassa uku: sunansa, da bayanin abin da yake yi, da jerin abubuwan da za a shigar masa. Galibi ɗan aike ba ya ganin cikin kayan aikin. Abin da aka rubuta kaɗai ya sani. Ma'aikacin da ya rikice yana iya leƙa ofishin abokin aikinsa ya yi tambaya, amma ɗan aike sau da yawa sai ya yi hasashe ya ci gaba. Saboda haka duk giɓin da aka bari a takarda yana iya zama kuskure a aiki.

Tambayoyi Biyar na Awo

1. Shin sunan da bayanin sun nuna lokacin da ya dace a yi amfani da kayan? Idan akwai kaya biyu, ɗaya “nemo” ɗaya “bincika”, dole a fayyace bambancinsu.

2. Shin an faɗi siffar abin da za a shigar? Kwanan wata 03/04/2025 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila kuwa 3 ga Afrilu. Takarda mai kyau tana kawo misali.

3. Shin an bayyana abin da zai fito, da ma'anar saƙon kuskure? Saƙon da ya ce “an kasa” kawai bai koyar da komai ba.

4. Shin an yi gargaɗi a kan aikin da ba a iya warwarewa, kamar goge fayil ko tura kuɗi?

5. Shin abin da aka rubuta ya dace da abin da kayan ke yi a zahiri?

Tambaya ta biyar ita ce mafi nauyi. A ranar 23 ga Satumba, 1999, hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mas. Takardar ƙa'ida ta ce a ba da lissafin ƙarfin turi da ma'aunin niyuton, amma wata manhaja ta riƙa bayarwa da ma'aunin fam, wanda ya ninka niyuton sau 4.45. Manhajar da ke karɓar lissafin ta ɗauka niyuton ne, sai kumbon ya kauce hanya. Ba irin ɗan aiken yau ba ne ya yi wannan aiki, amma darasin ɗaya ne: mai dogaro da takarda yakan ɓata idan takardar ta saɓa wa aikin.

Gwaji Shi Ne Alƙali

Daɗin karantawa ba ya tabbatar da ingancin takarda. Hanyar da ta fi ita ce a shirya ayyuka da dama waɗanda aka san amsarsu, a bai wa ɗan aike, a ƙirga sau nawa ya zaɓi kayan da ya dace, sau nawa ya shigar da bayani daidai, kuma sau nawa ya gyara kuskurensa. Daga nan sai a sauya abu ɗaya a takardar, a maimaita gwajin. A watan Disamba na 2024 injiniyoyin Anthropic sun bayyana cewa ɗan aikensu ya riƙa kuskuren wurin da fayil yake idan an yarda ya rubuta gajeren adireshi. Da suka wajabta rubuta cikakken adireshi, sai matsalar ta kau.

Aikin Aji

Malami ya raba ɗalibai gida biyu. Rukunin farko su rubuta bayanin wani kayan aiki da ke lissafa faɗin gona, kada ya wuce layi biyar. Rukuni na biyu su zama ɗan aike: su bi rubutun kaɗai, ba tare da tambaya ba. Duk inda suka tsaya ko suka yi hasashe, misali ko mita ake nufi ko taku, a sa alama. A gyara rubutun, a sake gwadawa da wasu ɗaliban, sannan a kwatanta yawan alamomin zagaye na farko da na biyu.